Jaka Ta Ashirin da Bakwai

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na yammacin Talata layin ya koma ja a fuskar kwamfuta.

Oom Stoffel Baadjies, wanda kowa ke kira Oom, wato kawu, yana zaune a ƙaramin ɗakin da ke bayan zauren kulob ɗin masu shawagi, inda a da ake jibge buhunan alkama, yana jona na'urorin sawu ɗaya bayan ɗaya. Shekara tara ke nan yana wannan aiki. Duk mai gasar shawagi da fiffiken yadi mai kama da laima, kafin ya faɗa iska daga kan dutsen Dasklip, sai Oom Stoffel ya kunna wata 'yar na'ura mai girman sabulun wanka, ya sa ta a jakar yadi mai lamba, ya miƙa masa. Da ita zai tashi, da ita zai sauka, ya jefa ta a kwando a filin sauka. Da yamma manhaja ta karanta duk inda mutum ya bi a sama, ta ba shi makinsa. In ya taka sararin da aka hana, ko da taku ɗaya ne, layinsa sai ya yi ja.

Na jaka ta ashirin da bakwai ya wuce maganar taku ɗaya. Tun da asuba gobara ke cin daji a bayan gonar inabi, hukuma ta zana da'ira a kan wurin, daga ƙasa har sama, domin jirage masu saukar ungulu da ke kwararo ruwa. Sau uku aka faɗa a taron safe cewa kowa ya kewaye. Wannan layi kuwa ya miƙe kai tsaye zuwa tsakiyar da'irar, ya yi kewayi goma sha ɗaya a cikin hayaƙi inda zafin wuta ke cilla mutum sama, ya ƙara mita dubu, ya fito ta ɗaya gefen, ya riga kowa isa layin ƙarshe.

Garin bai jira kwamfuta ba kafin ya san abin da ya faru. Da ƙarfe uku saura, jirgin kashe gobara ya ga fiffike a gabansa, ya ja baya da bokitinsa cike, minti goma sha huɗu yana jira. A cikin mintunan nan wuta ta tsallaka titi, ta cinye gidaje huɗu na leburorin gona. Ba a rasa rai ba. Wata tsohuwa da ake kira Ouma Katrien, wato kaka, a kan kujerarta aka ɗauko ta.

Oom Stoffel ya duba takardar sunaye, duk da ya san lambar. Faldiela Toefy, mai ɗinkin fiffike a titin bayan coci. Ita ce ma ta ɗinka jakunkunan nan duka talatin da takwas, ita da Ouma Katrien, kyauta.

Ya fito zaure. Hayaƙi iri biyu ne a ciki, na gobara da ke shigowa ta taga da na naman da ake gasawa a ƙofa. Iyalai huɗun da wuta ta kora suna can suna shimfiɗa tabarma a zauren coci, nan kuwa maza talatin suna maiƙo har gwiwar hannu, suna gardamar wa ya fi samun iska. A kan tebur ga kyautar wanda ya ci ranar, kwalbar giyar inabi da hula.

Meneer Thys Visagie, shugaban kulob, wanda ba a kiransa sai da Meneer, wato yallaɓai, ya leƙa kwamfutar, ya goge bakinsa da bayan hannu. Cikin minti biyar kowa ya ji.

"Dama na yi mamaki," in ji wani. "Da wannan tsohon tsumman nata ta riga kowa?"

"Ta ƙona gidan Ouma Katrien, matar da ke ba ta ƙwai kyauta. Kai, duniya."

Faldiela tana tsaye a bakin ƙofa da kofin jan shayi a hannu. "Ban je kusa da wutar nan ba," ta ce. "Ta yamma na bi. Ni ce ta shida ko ta bakwai da ta iso." Wani ya juya mata baya ya ci gaba da tauna.

"Gobe ƙarfe huɗu rahoto zai tafi hukumar jiragen sama da ofishin 'yan sanda," Meneer Thys ya ce wa Oom Stoffel. "Ka sa hannu kawai. Lasisinta ya tafi, sauran kuma na kotu ne. Na'ura ba ta ƙarya, Stoffel."

"Ba ta yi," in ji Oom Stoffel. "Amma ƙarfe huɗu bai yi ba tukuna."

*

Kafin ya san mene ne kwamfuta, shekara ashirin da biyar ya yi yana bin sawun dila da damisa a duwatsun Cederberg, domin masu tumaki. Akwai ɗabi'ar da ba ta bar shi ba. Yana rataye jakunkuna a ƙusoshinsu, da ya zo kan ta ashirin da bakwai sai ya kai ta hanci. Man keken ɗinki da ɗan ƙamshin kanumfari. Jakar da aka ce ta yi kewayi goma sha ɗaya a cikin baƙin hayaƙi, ga ta fes.

Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Uku ne suka yi ƙauri. Ta goma sha tara ta Fanie ce, wanda sigari ba ya barin bakinsa sai in yana sama, wannan ƙaurin taba ne, ya mayar da ita. Saura ta goma sha ɗaya, ta wani baƙo Bajamushe mai suna Uwe, da ta huɗu, ta Dewald Lategan, zakaran bara, wanda filin sauka gaba ɗaya gonar ubansa ce.

Meneer Thys ya same shi da jaka a hanci, ya fashe da dariya. "Yanzu kuma kare ka koma? Kwarin nan duka ƙauri yake yi, har gajeren wandona. Wane alƙali ne zai saurari hancinka?"

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ɓata wa Oom Stoffel rai ke nan.

*

Ranar Laraba ba a tashi ba saboda hayaƙi. Da hantsi ya tafi filin ƙwallon makaranta, inda jiragen gobara ke shan mai. Matuƙiyar, Kyaftin Zodwa Mfeka, tana zaune a inuwar tankin ruwa, toka har cikin girarta.

"Kai ne na 'yan wasan tsuntsaye?" ta ce, ba ta ko miƙe ba.

"Ni ne mai ƙirga musu maki, Kyaftin. Wane launi ne fiffiken?"

"Fari."

"Gefensa fa? Ƙasansa?"

"Oom, daga sama na gan shi. Daga sama dukkanku farare ne, kamar takardun da iska ta kwaso daga bola. Launinku a ciki yake, don 'yan kallo na ƙasa." Ta tofar da yawu baƙi. "Ina da ruwa tan guda a ƙarƙashina, ina kallon rufin farko yana kamawa, shi kuma yana ta juyi a gabana kamar ungulu a kan mushe. In na sauke ruwan na kashe shi, in na matsa iskata ta karya shi. Minti goma sha huɗu. Na ƙirga."

"Namiji ne ko mace?"

"Buhu ne a rataye. Ka kawo min shi, ni zan gaya maka ko mene ne."

"Ki zo kulob uku da rabi," in ji Oom Stoffel. "Ban yi alkawari ba."

*

Tannie Lenie, goggon kowa da kowa, ita ce mai tsaron kwando a filin sauka tun kafin a haifi rabin masu gasar. Ya same ta tana kankare ragar ƙarfen da aka gasa nama jiya.

"Ban bar kwandon nan ba ko na daƙiƙa ɗaya," ta ce tun bai tambaya ba.

"To wa ya juya naman?"

Ta tsaya da kankara. "Stoffel, kana da ciwon kai wallahi. Minti goma ne. Ko sha biyar. Mutum tara suka sauko kusan tare, kowa yunwa, kowa 'Tannie, Tannie', hannu biyu gare ni."

"Wa ya fara sauka?"

"Wa ya sani? Layin ƙarshen naku a cikin na'ura yake, ni ban taɓa ganinsa da idona ba. Wani zai iso ya tsaya a sama yana shan iska, wani ya faɗo kamar buhun dankali. Kuma duk idonmu yana kan hayaƙi." Ta matso, ta rage murya. "Amma Bajamushen nan na gan shi. Ya daɗe a duƙe a kan kwandon, hannu biyu a ciki, yana tono kamar kaza. Ban so faɗa ba, baƙo ne."

Oom Stoffel ya kama hanyar masauki.

*

Uwe yana wanke fiffikensa da soso a bayan masauki. Da ya ji tambayar sai ya yi ja har kunne.

"Makullin mota ne! Na jefa shi tare da jakar, minti biyar ina nema." Ya ruga ciki ya fito da tasa na'urar, mai allo kamar faranti. "Duba, Oom. Ga da'ira, ga ni. Mita arba'in a waje. Arba'in cif! Na sha hayaƙi, i, amma ban taka ba."

Sawun da ke na'urarsa da wanda ke jaka ta goma sha ɗaya ɗaya ne, kamar tagwaye. Mutumin yana murmushi, yana jiran a yaba masa da ya lashi gefen gobara ya bar mita arba'in. Oom Stoffel ya mayar masa da abinsa.

"Me ya sa ba ku duba ta Faldiela ba?" in ji Uwe. "Kowa yana da tasa ai."

"Ba kowa ba. Tata tsohuwa ce, ƙara kawai take yi in ana hawa, ba ta ajiye sawu. A cikin mutum talatin da takwas ita kaɗai ce haka."

Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji nauyinta. Ita kaɗai. Kuma duk wanda ya taɓa tashi daga Dasklip ya sani, domin kullum sai an yi mata ba'a a kai.

*

Dewald Lategan yana ƙofar kulob da kwalin barguna a bayan shuɗiyar akori-kurarsa, wani yana ɗaukarsa hoto.

"Oom Stoffel! Na waɗanda gobara ta shafa ne. Abin ya hana ni barci wallahi." Ya girgiza kai. "Faldiela kuma, kada a tsananta mata. Mace ce ita kaɗai a cikinmu, ta gaji da zuwa ta ƙarshe. Mutum ne."

"Ko zan ga taka na'urar?"

"Ai na goge. Kullum da yamma nake gogewa, Oom ya sani. Kuma doka ta ce ta kulob ita ce shaida, tawa ta kulob ɗin kuwa tsaf take, ko? Na bakwai na zo." Ya yi dariya. "Ko zunubi ne yanzu mutum ya zo na bakwai?"

Ya dafa kafaɗar Oom Stoffel. Hannun yana ƙamshin turare mai tsada. Da ya juya, Oom Stoffel ya sa hularsa ya goge wurin.

*

An watsa toka a ƙofar shagon Faldiela, an bar guntun katakon rufi ƙonanne a kan dandamali. Ba ta share ba. Tana ciki a gaban keke, ba ta ɗinka komai.

"Da safe na soya koesister, fanken nan mai zaƙi, na kai musu zauren coci," ta ce. "Jikar Ouma Katrien ta tare ni a ƙofa, ta ce in kai wa tsuntsaye. Ouma tana ciki tana kallona, Oom. Ba ta ce uffan ba." Ta dafa keken. "Lasisi su ɗauka. A'a, ƙarya nake, kada su ɗauka, shekara shida na yi ina ɗinke yagar wasu kafin na sayi tsumman nan. Amma yaya zan zauna a garin nan?"

"Faɗa min jiya. Daga lokacin da na ba ki jaka."

"Na tashi bayan Dewald, ko minti ɗaya babu tsakaninmu, na bi ta yamma…"

"Ba sama ba. Ƙasa. Na ba ki jaka sha biyu da rabi, ba ki tashi ba sai ɗaya da kwata. Me kika yi?"

Ta dube shi kamar ya zautu. "Na rataya ta a wuya, kamar kowa. Na gama haɗa fiffike. Na yi sallar azahar. Na sa kaya, na shiga layi."

"A kan falalen dutsen nan na gabas?"

"Ina kuma? Shekara nawa kuna ce masa ofishina."

Oom Stoffel ya zauna a kan kujera. Shekara tara yana kallon mutane a sama, har ya manta cewa bai taɓa kama dila a inda ta ci tunkiya ba. Kullum baya yake komawa, inda ta kwana, inda ta sha ruwa. Ita kuwa manhaja, da ta karɓi sawu, sai ta datse kansa da wutsiyarsa, ta jefar da duk abin da mutum ya yi da ƙafafunsa, ta bar tashi zuwa sauka, domin nan ne maki yake. Duk mai shawagi ya san haka. Shi ya sa ba wanda yake tunawa cewa na'urar a kunne take tun daga hannun Oom Stoffel.

Ya miƙe har kujerar ta faɗi. "Uku da rabi ki zo. Kada ki share tokar nan tukuna."

*

Uku da rabi zauren ya cika. Meneer Thys yana gaba da rahoto da biro, ya riga ya rubuta sunan Faldiela. Uwe yana rungume da na'urarsa. Tannie Lenie ta ƙi zama. Faldiela tana kujerar ƙarshe, kujeru biyu na kusa da ita babu kowa. Kyaftin Zodwa ta jingina da ƙofa, ba wanda ya san wa ya gayyace ta.

Oom Stoffel ya haska allon kwamfuta a bango.

"Kafin in sa hannu, ina so waɗanda suka sauka tare kowa ya amsa sawunsa. Dewald, ga na jaka ta huɗu. Naka ne?"

"Daga farko har ƙarshe, Oom."

"Da na ba ka, ka ba wani ya riƙe maka?"

"Haba. Doka ta hana. A wuyana take har na sa ta a kaya."

"Kowa ya ji?" Oom Stoffel ya danna wani wuri da bai taɓa dannawa a gaban jama'a ba. Wani ɗan guntun layi ya ɓullo a farkon sawun, a murɗe kamar zare. "Wannan kan dutse ne, kafin tashi. Ga inda na ba ka. Ga wajen haɗa fiffike. To, ɗaya saura kwata, ka bar nan ka yi gabas taku ɗari biyu, ka tsaya minti bakwai. Me ka je yi?"

Dewald ya kalli bangon. Ya yi murmushi, ya buɗe hannu ga jama'a. "Oom yana so in faɗa a gaban mata? Fitsari na je."

Aka yi dariya. Tannie Lenie ce kaɗai ba ta yi ba, ta ƙura wa bangon ido. "Wajen fitsarinku ai yamma yake," ta ce, "inda ko kare ba ya bi saboda zarni. Can gabas dutsen yarinyar nan ne."

"Daji ne, Tannie, ba masai mai lamba ba. Inda ya matse ni nan na tsaya."

Faldiela ta runtse ido.

"To," ya ce. "Na'urar nan tana auna tsayi, mita mita. Ga mintuna bakwai ɗin." Layin tsayi ya fito a miƙe, sai ya nutse da mita ɗaya, ya dawo. Ya sake nutsewa, ya ɗan daɗe, ya dawo. Sai na uku, gajere. Sai na huɗu, wanda ya fi duka daɗewa. "Na'ura tana wuyanka, ka ce. Wuyanka ya kai ƙasa sau huɗu. Ni ɗan coci ne, ban san abin sosai ba. Faldiela, sallar rana sau nawa ce?"

"Huɗu," ta ce. "A ta biyu da ta huɗu akwai zama."

Oom Stoffel ya sake danna kwamfuta.

"Ga kuma na jaka ta ashirin da bakwai," in ji Oom Stoffel, "wanda ya shiga wuta. Daga hannuna ya tafi inda shuɗiyar akori-kura take fakin, wajen akwatin ƙanƙara, minti tara. Daga nan ya yi yamma, wajen zarnin da Tannie ta faɗa. Bai taɓa zuwa gabas ba." Ya juyo. "An musanya na'urorin a kwando, an bar jakunkunan. Ko dai haka ne, Dewald, ko kuma ka musulunta jiya ba ka gayyace mu ba."

Wani ya yi dariya, ta mutu a maƙogwaronsa.

Dewald ya miƙe. Fuskar hoton barguna ta tafi. "Minti uku na yi a ciki! Uku! Masu jirgin ne ke ƙara gishiri. Kowa a nan ya taɓa hawa hayaƙin gona, ku faɗi gaskiya!" Ya nuna Faldiela ba tare da ya kalle ta ba. "Ni ina cikin 'yan ƙasa da za su tafi gasar duniya. Ita me za ta rasa? Ba inda za ta je dama!"

Meneer Thys ya yi gyaran murya, ya ɗora tafin hannu a kan rahoton. "To, to. Mu bi a hankali. Abin cikin gida ne. A ba Dewald sifiri na jiya, a wanke Faldiela, a rubuta wa hukuma cewa na'urori sun rikice, ba a gane ko wane ne ba. Kowa ya huta. Stoffel, ka tuna filin da muke sauka na wane ne. In babu fili babu gasa."

Abin da ya fi tayar wa Oom Stoffel da zuciya ba maganar ba ce. Kawunan da ya ga suna gyaɗawa ne, su ne dai na jiya, waɗanda ba su jira ko minti biyar ba kafin su yanke wa mai ɗinki hukunci.

"Jiya ka ce min na'ura ba ta ƙarya, Meneer."

Ya ja rahoton daga ƙarƙashin hannun shugaban, ya soke sunan da ke kai da layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da aka soke, ya rubuta Dewald Lategan, ya sa hannu. Agogon bango ya ce huɗu saura minti takwas.

"Kawo," in ji Kyaftin Zodwa daga bakin ƙofa. "Hanyata ce." Ta karɓa, ta tsaya a gaban Dewald, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Goma sha huɗu ne. Na ƙirga."

Da ta fita, sai ga maza suna matsowa kusa da Faldiela, wannan ya ce dama shi bai yarda ba, wancan ya miƙo mata farantin nama. Ta kalli farantin har mai shi ya janye.

"Wa zai je ya gaya wa Ouma Katrien?" ta ce.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Oom Stoffel ya ɗauki makullinsa.

*

Ouma Katrien tana ƙofar zauren coci a kan kujerar da aka ɗauko ta da ita, ƙafa ɗaya ta kujerar ta yi baƙi. Ta saurari Oom Stoffel har ya gama, ba ta katse shi ba. Faldiela ta tsaya nesa, kusa da mota.

"Ɗan gidan Lategan," in ji tsohuwar. "Ni na goye shi ranar da aka yi masa baftisma." Ta ɗago ta dube shi. "Stoffel, wanda ya riga kowa isowa, me ake ba shi?"

Oom Stoffel ya so ya yi ƙarya, bai samu wadda za ta fi gaskiyar sauƙi ba.

"Hula, Ouma. Da kwalbar giyar inabi."

"Ta wace gona?"

Ya nuna da haɓa, can inda hayaƙi bai gama tashi ba.

Ta daɗe tana kallon wurin. "Inabin da muka tsinka," ta ce. Ta juya kai gefe ta tofar, ta goge baki da gefen ɗankwali. Sannan ta ɗaga murya. "Ke! Tsayuwar me kike yi kamar mai bin bashi? Zo nan, 'yata. Ina koesister ɗin da aka ce kin kawo?"

"An ce in kai wa tsuntsaye, Ouma."

"To gobe ki sake yi. Wadda ta faɗa ita za ta zo ta karɓa, ta zo da tsintsiya kuma, na ji an ɓata miki ƙofa."

Faldiela ta durƙusa a gefen kujerar ta kifa kai a cinyar tsohuwar. Oom Stoffel ya koma mota. A kan kujerar gaba jakunkuna biyu ne, ya ɗauko su a matsayin shaida ba tare da an buƙace su ba. Ya sa ta ashirin da bakwai a aljihun rigarsa. Ta huɗu kuwa ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya jefa bayan mota, ya sauke gilashi.